Abin da Ɗan Asabe Ya Gani

Maradun,
14 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali duka. Ya ƙarin haƙuri? Ya jikin Inna? Allah Ya jiƙan ƙanenmu Abba, Ya sa can ta fi masa nan, mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Tun da aka katse layukan waya ban ji ɗuriyar kowa daga gida ba, shi ya sa na rubuta na ba Balarabe direba. Ka yi haƙuri da rubutun, rabona da biro tun ina sakandare.

Yau kwana ashirin da biyar ke nan maigidana, Baban Rumaisa, yana tsare kan zargin shi ya kashe Abba. Sau biyu na je Gusau na gan shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Abin da ya fara tambayata jikin Inna.

Ɗan sandan da ke binciken ya ce mini kai ka kai sunansa, kuma abin da ke riƙe da shi maganar mutum ɗaya ce, Ɗan Asabe, ɗan kabu-kabun nan na Bakura. Yaya, ni ma na ji Ɗan Asabe da kunnena. Ranar Juma'a da kuka dawo daga maƙabarta ina tsaye bayan ƙofar zaure zan miƙo ruwa, yana ba ku labari. Ya ce yana tafe kan hanyar da ke ƙetaren kanal ɗin noman rani bayan la'asar, ya hango mutum biyu sun fito daga gonar shinkafa sun hau mashin. Kawu Isa ya tambaye shi ko ya shaida su. Ya ce, "Ina fa, Alhaji. Sun naɗe fuska da rawani, ni kuma gudu nike, tsoro ya kama ni." Haka ya faɗa, ban ƙara ko harafi ba. To yaya aka yi mutumin da bai ga fuska ba ranar Juma'a ya ga fuskar mijina bayan mako guda?

Na san sun yi faɗa da Abba kan iyakar gona, tsakanin kasona na gado da nasa. Na san an ji Baban Rumaisa ya ce masa "za ka gani". Kai ma ka san maganar bakinsa ce. Ko akuya ta shiga masa rumfar nama abin da yake ce mata ke nan.

Na riga na rantse gaban mai bincike cewa ranar Alhamis ɗin yana gida tun azahar har magariba. Ina roƙonka don zumunci ka koma ka ce musu ba ka da tabbas.

Talata mai zuwa ne addu'ar arba'in. Zan zo ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba, don cikin da ya haifi Abba shi ya haife ni.

Ka gaishe mini da Inna da su Kawu. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Raliya.

Talata Mafara,
17 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga ƙanwata Raliya,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki. Takardarki ta same ni jiya da hantsi, na karanta, na kuma fahimta. Muna nan lafiya gwargwado. Inna abinci sai an matsa mata, kuma har yanzu in mashin ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗago kai. Ina fata ke da Rumaisa kuna lafiya.

Ba zan ɓoye miki ba. Ni na kai sunan mijinki Muttaka, kuma ba zan janye ba. Ba cikin fushi na yi ba. Na zauna na auna, kamar yadda nake so ke ma ki zauna ki auna.

Ni na ɗauko Abba daga cikin shinkafa, ni da Kawu Isa muka yi masa wanka. Mashin ɗinsa yana nan jingine a gindin marke, makulli a jiki, wayarsa a aljihu. Ɓarayin daji ba sa barin mashin, kuma da bindiga suke zuwa. Abba wuƙa aka sa masa, sau ɗaya tak, a wuya, daidai inda mahauci ke sawa. Ba na so in rubuta miki wannan, amma ke kika tambaya.

Lantana mai fura, wadda ke zama kan gadar kanal, ta ji muryar Abba yana cewa, "Haba, kai ne?" Mutum ba ya faɗa wa baƙo haka. Ke nan ya san wanda ya zo masa.

Game da Ɗan Asabe, gaskiya ne abin da kika ji ranar Juma'a. Amma ranar yana cikin firgici, zaure kuma cike yake da jama'a, bai san wanda zai kwashi maganar ya kai gaba ba. Da hankalinsa ya kwanta ya tuna. Ya ce mai tuƙin dogo ne, sanye da shuɗiyar riga, mashin ɗin ja, kuma da suka hau kan hanya iska ta zame rawanin ya ga fuska. Ya dafa Alƙur'ani ya ce Muttaka ne. Babu gaba tsakaninsu, babu abin da zai ci in an kama shi. Gani ya kori ji, Raliya.

Kwana shida kafin kisan mijinki ya tsaya kan kunyar iyaka da fartanya a hannu, gaban mutum biyar, ya ce wa yaron nan za ka gani. To mun gani.

Ban ce kin yi ƙarya a rantsuwarki ba. Sai dai kowa ya san nauyin shaidar mace a kan mijinta.

Ki zo arba'in, gidan ubanki ne, ba mai hana ki. Abin da nake roƙo kada ki ɗaga wannan magana gaban Inna.

Allah Ya bayyana gaskiya, Ya tsare mu baki ɗaya. Wassalam.

Yayanki,
Sanusi Nagode.

Maradun,
4 ga Oktoba, 2021.

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ya jikin Inna?

Na zo arba'in kamar yadda ka gani, na kama bakina kamar yadda ka ce. Wuni guda ina cikin gidan da aka haife ni, ba wadda ta zauna tabarma ɗaya da ni sai Inna. Na gode.

Ka ji an saki Baban Rumaisa ranar Litinin da ta wuce, sun ce hujja ba ta kai ba. Kada ka damu, sakin bai amfane shi da komai ba. Ranar Alhamis ya yanka akuya ɗaya, har rana ta faɗi fiye da rabi na rataye. Mutanen da suka shekara goma suna sayen nama a hannunsa ta bayan rumfar suke zagayawa. Ya raba wa maƙwabta sadaka, gida biyu suka dawo da shi. A masallaci in ya tsaya a sahu sai a bar masa fili dama da hagu.

Ranar Asabar na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na je na ga shaidunka.

Na fara da Lantana a kan gada. Na sayi fura na zauna. Na ce, Baba Lantana, me kika ji ranar? Ta ce, "Ɗiyata, ni dai ihu nij ji. Ko 'haba' yac ce ko 'wayyo', ruwan kanal na ƙugi, ban tantance ba." Na ce, to "kai ne" ɗin fa? Ta sunkuyar da kai tana juya ludayi. Ta ce, "Wanga ga bakin mata nij ji shi wurin makoki, sunka ce ni nic ce. Da Malam Sanusi yaz zo yat tambaye ni ko haka ne, ga shi cikin hawaye, ban iya ce mai a'a ba." Ta kuma ce mini mashin ya wuce ta gabanta bayan ihun, baƙi ne, mutum uku a kai. Uku, Yaya, kuma baƙi. Wannan ba ka rubuto mini ba.

Daga nan na wuce Bakura. Ɗan Asabe ya karɓe ni da mutunci, ya sa matarsa ta kawo mini ruwa. Na tafi da niyyar in ga maƙaryaci, ban same shi ba. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Wallahi, Hajiya, na gan shi. Ko yanzu na rufe ido ina ganin fuskatai." Na ce, yaushe ka fara ganinta? Ya ce sau uku ka je wurinsa. Zuwan farko ya faɗa maka abin da ya faɗa a zaure. Zuwa na biyu ka tambaye shi ko mai tuƙin dogo ne, ya ce kamar dai. Zuwa na uku ka ciro waya ka nuna masa hoto, ka ce ya duba da kyau. Ya ce, "Da nid dubi hoton sai abin duk yad dawo mini." Na ce, hoton mutum nawa aka nuna maka? Ya ce ɗaya.

Na san hoton. Na babbar Sallah ne, shekara uku da suka wuce, a ƙofar gidanmu na Mafara. Baban Rumaisa na tsaye jikin jan mashin ɗinsa da shuɗiyar riga. Abba ne ma ya ɗauka. Rigar nan tun bara ya ba ƙanensa da ke Kwantagora.

Na roƙi Ɗan Asabe ya kai ni inda yake lokacin da ya hango su. Ya kai ni, bai karɓi ko sisi ba. Na tsaya, na dubi gonar. Akwai wani mutum a ciki yana korar tsuntsaye. Da rana tsaka, ina tsaye ba gudu nake ba, na kasa gane ko tsoho ne ko saurayi.

Kai malamin makaranta ne. In ɗalibi bai san amsa ba ka rubuta masa a allo, ka goge, ka sake tambayarsa ya faɗa, shi ya sani ko kai?

Ban ce ka yi da gangan ba. Amma ka koma ka gyara abin da ka ɓata, tun da sauran abin gyarawa.

A gaida Inna. Sai na ji daga gare ka.

Raliya.

Talata Mafara,
11 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Raliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Inna da sauƙi, ta fara fitowa tsakar gida.

Na ga kin zama mai bincike. Madalla. Ban musa ba, na nuna wa Ɗan Asabe hoto, kuma guda ɗaya na nuna. Hoton wa kike so in nuna masa? Mutum ɗaya ne ya yi wa Abba barazana a duk faɗin ƙasar nan. Ban sa wa kowa wuƙa a wuya ya faɗi suna ba. Baligi ne, da hankalinsa ya dafa Alƙur'ani. Lantana kuwa tsohuwa ce, ido ya yi rauni, kuma duk wanda ya zauna gabanta ya sayi fura abin da yake so ya ji za ta faɗa masa. Ta faɗa mini nawa, ta faɗa miki naki. Ban ga dalilin da zai sa naki ya fi nawa ba.

Kin ce ana gudun naman mijinki. Shi aƙalla yana da rumfar da zai zauna a guje shi. Shinkafar Abba ta nuna, ni ke zuwa bayan an tashi makaranta ina korar tsuntsaye. Wataƙila ma ni ne mutumin da kika kasa ganewa.

Tun da auna shaidu muke yi, bari mu auna na uku.

Ranar Juma'a Surayya ta garin Kaya, 'yar Gwaggo, ta zo gaida Inna da jaririnta. Suna hira ina daga ɗaki ina ji. Ta ce ba za ta manta ranar sunan yaron nan ba, don ranar ce aka kashe Abba. Ta ce, "Muna tare da Raliya wuni guda, ita ta raba tuwo, sai da rana ta yi sanyi sosai ta samu mashin ta tafi. Ashe lokacin ƙanenta na kwance cikin gona." Ba da wata manufa ta faɗa ba, ba ta ma san kin yi rantsuwa ba.

Kin rubuto mini da hannunki cewa Muttaka yana gida tun azahar har magariba. Daga Kaya kika hango shi?

Ba zan yanke hukunci ba sai na ji daga bakinki. Wataƙila Surayya ma ta ruɗe, tun da a wurinki kowa ruɗewa yake. Ki amsa mini tsakaninki da Allah, ba don ni ba, don wanda ke cikin kabari.

Allah Ya sa mu gama lafiya. Wassalam.

Sanusi Nagode.

Maradun,
16 ga Oktoba, 2021.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa.

Kwana uku takardarka na cikin akwati ban iya amsawa ba. Surayya ba ta ruɗe ba. Ina Kaya.

Na bar gida da hantsi, na dawo ana kiran magariba. Na tarar da Baban Rumaisa a tsakar gida yana alwala. Akwai jini a hannun rigarsa. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa wanke masa rigar aiki ba jini ba, don haka ban ko kula ba. Muna idar da salla wayarka ta shigo.

Da aka kama shi mai bincike ya tambaye ni inda yake ranar, sai na ji bakina ya ce yana gida. Ban shirya ba. A raina ba ƙarya nake ba, gaskiyar da na sani nake taimaka wa. Shekara goma sha ɗaya ina tare da mutumin nan. Shi ya koya wa Abba tuƙin mashin. Na ce in na san bai yi ba, mene ne laifi in na ce na gani?

Abin da ya fi ba ni tsoro ban faɗa wa kowa ba sai kai. Na maimaita maganar sau da yawa, gaban mai bincike, gaban uwarsa, gaban maƙwabta, har ta zauna mini. In na tuna ranar Alhamis ɗin nan ina ganinsa kwance kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, rediyo a kan ƙirjinsa. Zan iya faɗa maka kalar kwanon da na kai masa abinci. Alhali ina Kaya ina raba tuwo. Shi ya sa da Ɗan Asabe ya ce in ya rufe ido yana ganin fuskar, ban iya zaginsa ba. Ciwonmu ɗaya.

Jiya na tambayi Baban Rumaisa inda yake ranar. Wata biyu ban taɓa tambaya ba. Ya ce daji ya shiga, rugar wani Bafillace da suke hulɗa tun yana yaro yana bin babansa sayen dabbobi. Raguna biyu ya sayo, ɗaya ya karye a hanya ya yanka shi. Na ce, don me ba ka faɗa musu ba? Ya ce, "In na ce na shiga daji, gobe sunana infoman 'yan bindiga. In na faɗi sunan mutumin, jibi ba rugarsa. Gara a ce na kashe mutum ɗaya." Shi ya sa da ya ji abin da na rantse a kai ya yi shiru.

Za ka tambaye ni ko na yarda. Na yarda. Amma ban gani ba. Kuma tun jiya akwai wani ɗan abu a ƙasan zuciyata da ba ya nan a da, ba na so in kira sunansa. Kai ka sa mini shi.

Ka ce in amsa tsakanina da Allah, na amsa. Yanzu kai ma ka amsa wa kanka. Ni ban gan shi a gida ba, Ɗan Asabe bai gan shi a gona ba, Lantana ba ta ji sunan kowa ba. Ba wanda ya san wanda ya kashe Abba, har da kai.

Ina roƙonka da girman Allah da darajar Inna, in ka karanta ka ƙona takardar nan. Maganar dajin nan in ta fita, rai ne.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Raliya.

Talata Mafara,
5 ga Disamba, 2021.

Zuwa ga ƙanwata Raliya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ke da Rumaisa kuna cikin ƙoshin lafiya. Tun da layi ya dawo na kira ki sau tara ba ki ɗaga ba. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma wa Balarabe.

Kin riga kin san ban ƙona takardar ba. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina. Ranar da ta iso na tara Kawu Isa da dattawa uku a zaure na karanta musu daga farko har ƙarshe. A lokacin abin da na gani a ciki guda ɗaya ne, cewa shaidar Muttaka ta rushe. Washegari na kai wa mai bincike. Ya kira mijinki, ya karanta masa, ya yi masa tambayoyi, ya sallame shi, ya ce mini rashin shaidar yana gida ba shaidar yana gona ba ce. Maganar daji kuwa daga zaurenmu ta fita. Ban san bakin wa ba, kuma sanin ba zai rage mini komai ba. Na ji yadda matasa suka farfasa rumfarsa da rana tsaka suna kiransa infoma, na ji kuma cikin motar albasa aka ɓoye shi aka fitar da shi daga Maradun.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya wani hoto ya yi ta yawo a wayoyi, gawar wani ɗan bindiga da aka ce an kashe a wani artabu. Ranar Talata Ɗan Asabe ya zo har makaranta yana nemana. Ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, wanga shi na. Shi at tuƙi mashin ɗin. Wallahi da nig gan shi gabana yaf faɗi." Na ce, Muttaka fa? Ya ce kama ce ta ruɗe shi. Na karɓi wayar na duba. Mutumin gajere ne, mai ƙiba. Ko a mafarki ba ya kama da mijinki. Na ce, za ka dafa Alƙur'ani? Ya ce yanzu ma in an kawo.

Na koma aji na tsaya gaban yara, na kasa tuna darasin da nake yi.

Na je wurin Lantana. Yanzu cewa take ba ta ga mashin ba sam, ƙararsa kawai ta ji.

Ba zan yi miki ƙarya in ce zuciyata ta wanke Muttaka ba. Wuƙar tana nan, mashin ɗin da ba a ɗauka ba yana nan, "za ka gani" tana nan. Wani lokaci in na jera su sai in ga shi ne, in na sake jerawa sai in ga ba kowa. Abin da na sani shi ne ranar da na ɗauko yaron nan daga cikin ruwa na kasa jure a ce ba a san wanda ya yi ba. Ina bukatar suna, kuma sunan da ke kusa na ɗauka.

Na koma wurin mai bincike na faɗa masa yadda na yi da hoton. Ya rubuta. Ya ce fayil ɗin yana nan a buɗe.

In kin san inda Muttaka yake ki faɗa mini, zan je ko ina ne. Inna tana tambayarki kullum. Ɗakinki yana nan, ki dawo gida ke da yarinyar.

Ina neman gafararki, ko da ba yanzu ba. Allah Ya yafe mana. Wassalam.

Yayanki,
Sanusi.

Maradun,
9 ga Disamba, 2021.

Yaya Sanusi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaida Inna, ka ce mata zan zo in wuni ranar Juma'a. Ba zan kwana ba. Ina nan wurin uwarsa, ba ta da kowa yanzu sai ni.

Ban san inda yake ba. Ko na sani ba zan sake rubuta maka abin da zai iya kashe mutum ba.

Ranar da ya dawo daga wurin mai bincike bai yi mini faɗa kan maganar daji ba. Abu ɗaya ya tambaye ni. Ya ce, "Mene ne ɗan abin da ke ƙasan zuciyarki, wanda ba ki so ki kira sunansa?" Ban amsa ba. Ya jira, ban amsa ba. Tun daga ranar bai ƙara cin abincina ba har aka fitar da shi. Takardar saki ɗaya ta iso mini makon jiya, ba adireshi.

Maganar gafara ka bar ta tukuna.

Shekaranjiya Rumaisa ta dawo daga makaranta ba ta cire hijabi ba ta tsaya a kaina. Ta ce yara sun ce babanta ne ya yanka Kawu Abba, gaskiya ne? Na ce mata ƙarya ne. Ta ce, "Umma, kin tabbata?" Na ce na tabbata, ranar yana gida, ina tare da shi.

Ka huta lafiya.

Raliya.